Shinkafa, kwakwa da tsami: fashin baƙi kan abincin mutanen Kerala

Wanda ya san abincin Indiya ta gidajen abinci na manyan birane, inda ake kawo gurasar alkama da miya mai kauri da ta sha madara da man shanu, girkin arewacin ƙasar ya sani. A kusurwar kudu maso yamma, a jihar Kerala, inda Malayalai masu magana da harshen Malayalam suke zaune, tushen girkin daban ne, kuma ƙasar ce da kanta ta shata shi. Kerala zirin ƙasa ne siriri da ya miƙe kusan kilomita 590 a gaɓar Tekun Larabawa, tsaunukan Ghats na Yamma sun tokare shi ta gabas, koguna 44 suna ratsa shi, damina kuma tana sauka da ƙarfi tun farkon watan Yuni, sannan wani ruwan ya sake zuwa wajen Oktoba da Nuwamba. A irin wannan ƙasa mai laima alkama ba ta yi, amma shinkafa da kwakwa da ayaba da masoro suna yi ba tare da wahala ba, kifi kuma yana shigowa daga teku da koguna da tafkuna. Duk wanda ya riƙe waɗannan abubuwa a ransa zai gane mafi yawan abin da ake sa wa a tukunya a wannan jiha mai mutane sama da miliyan 33, ko da sunayen girke-girken sun yi masa nauyi a baki.

Shinkafar da Bamalayale yake kira abinci ita ce matta, ja ce mai kaurin ƙwaya, wadda ake turarawa da ɓawonta kafin a sussuka, kuma wadda ta fi suna ita ce ta gundumar Palakkad. Wannan ita ce ta rana. Da safe kuwa shinkafar takan zo ne a matsayin gari ko ƙullu, kuma a nan ne gwanintar matan Kerala ta fi fitowa, domin daga gari guda suna fitar da abinci iri-iri da ba su yi kama da juna ba. Puttu gari ne da ake ɗan jiƙawa, a zuba shi a wani bututu ana raba shi da gogaggiyar kwakwa hawa-hawa, a ɗora bututun a bakin tukunya mai tafasa har tururi ya ratsa shi, sannan a turo shi waje a dunƙule. A da da gora ko ƙoƙon kwakwa ake yi, yanzu bututun ƙarfe ya fi yawa. Ana cin sa da miyar kadala, wani wake mai duhu da ake dafawa da soyayyar kwakwa, ko kuma a murmushe shi da nunanniyar ayaba. Idiyappam kuwa kwaɓin garin ne da ake matsewa ta wani abin matsa mai ƙananan huji ya fito sili-sili, a turara shi. Appam ƙullu ne da ake bari ya kwana ya tashi, a zuba shi a ƙaramin kasko mai zurfi, a juya kaskon sau ɗaya domin ƙullun ya bi gefe, a rufe, ya fito tsakiyarsa da kauri da laushi, gefensa siriri mai ƙaras-ƙaras. A al'ada da bammin kwakwa ake tayar da ƙullun, amma gidaje da yawa, musamman na Musulmi, da yis suke yi.

Kwakwa ta fi ƙarfin a kira ta kayan haɗi a wannan girki, domin tana shiga ta hanyoyi huɗu ko biyar, kowace da aikinta. Ana goge ta a barbaɗa ɗanya a kan ganye, ana niƙa ta da barkono da kamun (ƙananan 'ya'yan ƙamshi da ake kira cumin da Turanci) ta zama kaurin miya, ana soya ta har ta yi ja ta ba da ƙamshi mai nauyi, ana tatsar madararta, ana kuma suya da manta. Madarar ma hawa-hawa ce: tatsar farko mai kauri ce, ta biyu da ta uku kuma tsararo ne bayan an ƙara ruwa. Mai girki tana dafa kayan miya a tsararon, ta ajiye mai kaurin sai ta kusa saukewa, domin idan ta tafasa sosai tsinkewa take yi. Ishtu, farar miyar dankali ko kaza ko naman akuya da ake ci da appam, a kan wannan ƙa'ida take tsaye, kuma ba ta da wani yaji mai yawa ban da citta da ɗanyen barkono da kirfa da kanumfari da kadamon. Ƙarshen yawancin miya kuwa iri ɗaya ne: a zafafa man kwakwa, a jefa 'ya'yan mastad su fashe, a sa ganyen kori da busasshen barkono da ƙananan albasa, a kwarara a kan miyar.

Abu na uku shi ne tsami, kuma a ganina shi ne abin da baƙo ya fi saurin mantawa idan yana lissafa abincin Kerala. A ƙasa mai zafi da laima, inda kifi yake lalacewa cikin 'yan sa'o'i, tsami yana gyara ɗanɗano yana kuma hana abinci ɓaci. Suna samun sa daga tsamiya, da ɗanyen mangwaro, da kindirmo, da kuma kudampuli, wani ɗan itace da ake tsagawa a shanya a kyafe har ya yi baƙi ƙirin. Jar miyar kifi ta yankin Kottayam ba ta da kwakwa ko kaɗan: barkono ne da citta da tafarnuwa da hulba da kudampuli, a dafa a tukunyar ƙasa da suke kira manchatti, ba a juya ta da ludayi don kada kifin ya farfashe, sai dai a ɗaga tukunyar a girgiza. Masu ita sun fi son ta idan ta kwana, lokacin da tsamin ya ratsa kifin, kuma tana iya yin kwanaki ba ta lalace ba. A arewacin jihar, yankin Malabar, miyar kifin takan ɗauki niƙaƙƙiyar kwakwa da tsamiya, don haka launinta da nauyinta sun bambanta.

Abokin tafiyar wannan jar miya shi ne rogo, wanda suke kira kappa, kuma labarinsa yana nuna yadda teku ya gina wannan girki. Masoro ɗan asalin dazukan Ghats ne, shi ya jawo Rumawa zuwa Muziris, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Kerala, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, shi ya jawo Larabawa, shi ne kuma ya kawo Vasco da Gama, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, gaɓar Kozhikode a watan Mayu na 1498. Ta hannun Turawan Fotugal ne barkono da rogo da kashu da abarba da gwanda suka iso Indiya daga nahiyar Amurka, wato kafin zuwansu zafin miyar Kerala daga masoro da citta yake fitowa. Rogo bai karɓu nan da nan ba. Visakham Thirunal, sarkin Travancore, tsohuwar masarauta a kudancin Kerala, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1885, shi ne ya ƙarfafa noman sa domin maganin yunwa, sannan a lokacin yaƙin duniya na biyu, da shinkafar da ake shigowa da ita daga ƙasar Burma (Myanmar ta yau) ta yanke a 1942, rogo ne ya riƙe talakawa. A yau ana dafa shi a tsiyaye ruwan, a dagargaza shi da kwakwa da kurkum da barkono, a ci da kifi, kuma abin da aka raina a da a matsayin abincin marasa hali ya shiga manyan otel-otel. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasar Indiya a Thiruvananthapuram take, babban birnin jihar, tun 1963.

A kan wannan tushe guda al'ummomi uku suka gina girkinsu. Ƙidayar 2011 ta nuna mabiya addinin Hindu sun kai kusan kashi 55 cikin ɗari na mutanen jihar, Musulmi kusan kashi 27, Kirista kusan kashi 18, kuma kowace al'umma tana da ranakun da take fito da gwanintarta.

Ga mabiya Hindu, wannan rana ita ce ta sadya, walimar da ake yi a bikin Onam cikin watan Chingam na kalandar Malayalai, wanda yake faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, da bikin Vishu a Afrilu, da kuma bukukuwan aure. Ana shimfiɗa ganyen ayaba, tsininsa ya kalli hagun mai ci, a jera abinci sama da iri ashirin a kansa, kowanne da mazauninsa, kuma a yawancin yankuna ba nama ba kifi. Soyayyar ayaba da tsime-tsimen mangwaro da lemun tsami suna gefen hagu, kayan lambu suna jere a rabin ganyen na sama, shinkafa tana ƙasa a tsakiya. Masu rabo suna bin layi da bokitai a kan tsari da kowa ya sani: da farko adas, wani ƙaramin wake, da man shanu, mai ci ya murmushe pappadam, siririyar soyayyar gurasa mai ƙaras-ƙaras, a kai, sai sambar, miyar adas da kayan lambu, sai rasam, romo mai tsami da masoro, da miyar kindirmo, sai zaƙi, sannan a rufe da 'yar shinkafa da tsala domin ciki ya kwanta. Wanda ya duba girke-girken ɗaya bayan ɗaya zai ga ba tarin abinci ba ne kawai, an tsara su ne domin kowanne ya danne abin da ɗan uwansa ya tayar a harshe. Avial haɗin kayan lambu ne da ake yanka a tsaye, doya da ɗanyar ayaba da karas da kwanson zogale, a haɗa su da niƙaƙƙiyar kwakwa da kamun da ɗan tsami, a kwarara ɗanyen man kwakwa a ƙarshe. Thoran ganye ne ko wake ko kabeji da aka yanka ƙanana aka soya sama-sama da kwakwa, a bushe. Olan ba shi da yaji kusan sam, wani nau'in duma ne da wake a madarar kwakwa, aikinsa sanyaya baki. Erissery kabewa ce da wake da soyayyar kwakwa, kaalan kuma kindirmo ne da aka dafa ya yi kauri da doya da ɗanyar ayaba da masoro. Inji puli, wato citta da tsamiya da mazarƙwaila da aka dafa suka kama jiki, ɗan kaɗan ake ɗigawa, amma yana ɗauke da zaƙi da tsami da yaji gaba ɗaya.

Zaƙin da ake kawowa shi ne payasam, kuma da shi ake auna mai girki. Ada pradhaman ana yin sa da ƙullun shinkafa da aka shafa a ganye aka turara aka yayyanka, a dafa shi a narkakkiyar mazarƙwaila, a bi shi da madarar kwakwa daga tsararo zuwa mai kauri, a cikin wata faffaɗar tukunyar tagulla mai suna uruli. Palada kuwa da madarar shanu da sukari ake yi, a bar shi a wuta na sa'o'i har launinsa ya ɗan ja. Wurin ibadar Ambalappuzha ya shahara da nasa payasam na madara, garin Aranmula kuma da walimar da ake yi wa matuƙa dogayen kwale-kwale, wadda abincinta yakan haura iri sittin. Ya kamata a tuna cewa zaman kowa da kowa a layi guda a gaban ganye sabon abu ne. A da tsarin bambancin asali ya hana wasu ƙabilu cin abinci kusa da wasu, har sai da masu gyaran al'umma suka tsaya tsayin daka, irin su Sahodaran Ayyappan da ya shirya cin abinci tare tsakanin mutane masu asali daban-daban a Cherai a 1917, ya kuma sha tsangwama a kai.

Musulmin Malabar, waɗanda ake kira Mappila, girkinsu ne ya fi ɗaukar alamar teku. 'Yan kasuwar Larabawa sukan zo da iskar damina, su zauna watanni suna jiran ta juya, wasu su yi aure, kuma masallacin Cheraman da ke Kodungallur, bisa abin da aka gada a baki, ana danganta ginin sa da shekarar 629 Miladiyya. Gurasarsu ta shinkafa ce, pathiri, siririya fara da ake gasawa a kasko ba mai, a ɗan jiƙa ta da madarar kwakwa a ci da miyar nama. Biriyanin Thalassery ya bambanta da na sauran Indiya domin ba a yin sa da doguwar basmati, da wata gajeriyar shinkafa mai ƙamshi ake yi, kaima ko jeerakasala. Ana soya ta a man shanu a dafa ta daban, a haɗa naman da albasa da tumatir da ɗanyen barkono daban, a jera su hawa-hawa, a liƙe murfin da kwaɓin fulawa, a ɗora garwashi a kai, sannan a kawo shi da tsimin dabino da dakakkiyar kwakwa, a biyo da sulaimani, baƙin shayi mai lemun tsami. Aleesa, alkama da nama da ake dafawa har su narke a ci da man shanu da sukari, 'yar uwar harisar Larabawa ce kai tsaye.

Inda Mappila suka yi wa kowa fintinkau shi ne kayan ƙwalama, kuma akwai dalilai biyu. Na farko azumin Ramadan ne, da buɗa baki da ake farawa da dabino da thari kanji, kunun samolina mai madara da soyayyar albasa da kashu, kafin a kawo soye-soye. Na biyu kuma al'adar aure ce ta wasu garuruwan gaɓa irin su Kannur da Thalassery da tsohuwar unguwar Kuttichira a Kozhikode, inda ango ne yake tarewa a gidan matarsa, surukarsa kuma tana ganin mutuncin gidanta ya rataya a kan irin abin da za ta ajiye masa a faranti. Daga nan aka samu unnakkaya, ayaba da ake turarawa a kirɓa ta yi sumul, a cusa mata kwakwa da sukari da kadamon, wani lokaci da ƙwai, a mulmula ta da tsini biyu a soya. Aka samu chatti pathiri, siraran gurasa da ake jerawa da nama ko ƙwai mai zaƙi a tsakani a gasa a tukunya, da arikkadukka, wata halittar teku mai ɓawo biyu da ke manne wa duwatsu, wadda ake cusa wa ƙullun shinkafa a turara a soya da barkono. Mutta mala ya fi su wuyar yi: gwaiduwar ƙwai zalla ake tsiyayawa ta ƙaramin huji a cikin tafasasshen ruwan sukari ta zama zare-zare, farin ƙwan kuma a turara shi daban a ci tare, kuma wannan dabara irin ta Turawan Fotugal ce. A Kozhikode akwai titi sukutum, Mittai Theruvu, da ya yi suna da alawa mai danƙo da ake tuƙawa da man kwakwa.

Kiristocin Kerala, waɗanda da yawansu suke danganta asalinsu da zuwan manzo Toma, almajirin Yesu, a shekara ta 52 Miladiyya, sun fi ƙarfi a tsakiyar jihar, kuma su ne gwanayen appam da ishtu, da soyayyar agwagwa ta Kuttanad, yankin da ake noman shinkafa a filayen da suke ƙasa da matakin teku. Daga tafkunan wannan yanki ake kamo karimeen, kifin da gwamnatin jihar ta ayyana a matsayin kifin jiha a 2010, a shafe shi da yaji a naɗe a ganyen ayaba a gasa a kasko. A daren Alhamis ɗin da ke gaban Ista suna yin pesaha appam, wanda ba a barin ƙullunsa ya tashi, mai gida ya yanka ya raba wa iyali su tsoma a madarar kwakwa da mazarƙwaila.

Naman shanu kuwa ya haɗa kowa. Kerala tana cikin jihohin Indiya ƙalilan da ba su hana yanka shanu ba, kuma mabiya Hindu da yawa a can suna ci, ko da yake sau da yawa naman ɓauna ne ake sayarwa. Ana dafa shi da kayan yaji, a soya shi a hankali da yankakkiyar kwakwa da masoro da ganyen kori har ya yi duhu, a ci da porotta, gurasar fulawa mai hawa-hawa da ake bugawa a miƙe a naɗe kafin a gasa. Da gwamnatin tarayya ta fito da dokar taƙaita sayar da shanu don yanka a 2017, a Kerala an mayar da martani da dafa nama a bainar jama'a.

Da misalin ƙarfe huɗu na yamma akwai cin da ba ya cikin manyan lokutan abinci, amma ba a wasa da shi: shayi da ɗan abin taɓawa, a gida ko a shagon mai shayi. Jigon wannan lokaci ita ce nendran, doguwar ayaba mai kauri. Idan ta nuna ana tsaga ta a tsoma a ƙullun fulawa a soya, wannan shi ne pazham pori. Idan ɗanya ce ana yanka ta sirara kai tsaye cikin tafasasshen man kwakwa, a yayyafa ruwan gishiri a cikin man kafin a kwashe, ta fito rawaya mai ƙaras-ƙaras, ko kuma a yanka ta da kauri a lulluɓe ta da mazarƙwaila da busasshiyar citta ta zama sharkara varatti. Akwai parippu vada na barzajjen adas da albasa da barkono, da sukhiyan na wake da mazarƙwaila, da ela ada da ake turarawa a ganye, da achappam mai siffar fure da ake yi da ƙarfe mai zane da aka zafafa a mai. Unniyappam kuwa ƙullun shinkafa ne da ayaba da mazarƙwaila da gutsattsarin kwakwa da aka soya a man shanu, ana toya shi a tanda mai ramuka kamar yadda ake toya masa, sai dai shi ƙanana ne masu duhu da zaƙi, kuma wurin ibadar Kottarakkara ya shahara da shi. Chakka, ƙaton ɗan itacen nan mai ƙaiƙayin baya da aka ayyana a matsayin ɗan itacen jiha a 2018, ana soya shi, ana dafa shi ɗanye a madadin shinkafa, ana kuma tuƙa nunanne da mazarƙwaila a adana shi watanni.

Ƙarƙashin duk wannan akwai kanji, shinkafa da ruwanta, da ɗan wake da dakakkiyar kwakwa, abincin manomi da mara lafiya. A watan Karkidakam, tsakiyar damina, ana ƙara masa hulba da saiwoyin magani a sha don ƙarfin jiki.

Girkin yana canzawa, kuma teku ne ya sake kawo canjin. Tun shekarun 1970 Malayalai suke tafiya aiki ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, waɗanda suke zaune a wajen Indiya sun haura miliyan biyu, kuma ɗan kasuwar da ya taɓa shan shayi da porotta a ƙananan shagunan Dubai, akwai yiwuwar daga hannun Bamalayale ya karɓa. Masu dawowa sun zo da shawarma da mandi da gasasshiyar kaza, waɗanda yanzu suka cika titunan Malappuram da Kozhikode. Wannan bai dame ni ba, domin haka girkin ya saba karɓar baƙo tun zamanin rogo da barkono. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tushen da kansa. Filayen shinkafar jihar sun kai kusan hekta dubu 880 a tsakiyar shekarun 1970, yanzu suna wajen dubu 200, domin an cike fadamu an gina gidaje, an dasa roba da sauran amfanin sayarwa, ƙwadago kuma ya yi tsada. Majalisar jihar ta kafa dokar kare filayen shinkafa da fadamu a 2008, amma har yanzu mafi yawan shinkafar da ake zubawa a ganyen sadya daga wasu jihohi irin su Andhra Pradesh ake shigo da ita, haka ma kaso mai yawa na kayan lambun daga Tamil Nadu da Karnataka suke zuwa.